Gane kalma a cikin magana

Gane kalma a cikin magana shi ne aikin da kunne da ƙwaƙwalwar mai sauraro suke yi na tsinto kalmomi daga sautin da ya fito daga bakin mai magana, su haɗa kowace kalma da ma'anarta. Fanni ne na ilimin harshe da ke da iyaka da ilimin halayyar ɗan Adam da kuma nazarin ƙwaƙwalwa. Duk mai lafiyar ji yana yin wannan aiki daga safe zuwa dare ba tare da ya san yana yi ba, shi ya sa ake ɗaukar sa abu mai sauƙi. Wahalarsa tana bayyana ne idan mutum ya saurari harshen da bai iya ba, ko jinsa ya ragu, ko kuma aka nemi a koya wa kwamfuta ta yi shi. Yawancin gwaje-gwajen wannan fanni an yi su ne a kan Turanci da harshen Holan da Faransanci da Japananci. Wannan maƙala ta kawo sakamakonsu, ta kuma ɗauko misalai daga Hausar da ake yi a Gaya da Ajingi, ƙananan hukumomi biyu maƙwabtan juna a gabashin jihar Kano, waɗanda Hausarsu take cikin rukunin Hausar Gabas.

Inda matsalar take

A rubutu akwai fili tsakanin kalma da kalma, amma a magana babu shi. Sauti yana zuba ne a haɗe, kuma ɗan shirun da na'urar auna sauti take nunawa sau da yawa a tsakiyar kalma yake faɗowa, lokacin da leɓɓa suka rufe don furta b ko harshe ya tare iska don furta k. Wanda ya taɓa kallon fim ɗin Indiya ba fassara ya san wannan: yana jin maganar kamar igiya guda, bai san inda kalma ta fara ko inda ta ƙare ba. Haka Hausa take a kunnen baƙo. Ko Bahaushe sai ya yi aiki kafin ya raba “ya ƙi” da “yaƙi”, ko “ta ce” da “tace”, ko “ta fi” da “tafi”.

Na biyu, kalma ba ta fitowa da kama ɗaya kullum. Muryar yaro daban, ta dattijo daban, kuma mutum ɗaya ma furucinsa yana sauyawa idan yana sauri ko yana fushi ko yana mura. Ga kuma naso, wato yadda sauti yake ɗaukar kamannin maƙwabcinsa. Ana rubuta “gidan Bello”, amma abin da ake furtawa shi ne “gidam Bello”. A bakin Kanawa da yawa “rigar Sani” takan zama “rigas Sani”. Kalmar “mai” idan mahaɗi ya shige ta sai ta koma “man”, kamar a “man gyaɗa”, haka “rai” ta koma “ransa”, “kyau” ta koma “kyan”. Mai sauraro yana mayar da kowace zuwa asalinta nan take.

A shekarun 1960 Irwin Pollack da J. M. Pickett sun naɗi hirar mutane, suka yanko kalmomi ɗaiɗai daga ciki, suka kunna wa wasu. Kusan rabin kalmomin ne kawai aka gane, alhali a cikin jumlolinsu babu wanda ya yi tuntuɓe da su.

Daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa

Sauti girgizar iska ne. Girgizar tana bugun dodon kunne, wasu ƙananan ƙasusuwa uku su miƙa ta zuwa wani sashe mai siffar katantanwa da ke can ciki. A nan ne dubban ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi suke rarrabe sautin gwargwadon kaifinsa da kaurinsa, su mayar da shi saƙo, jijiyar ji ta kai shi ƙwaƙwalwa. Kunnen matashi mai lafiya yana jin girgiza daga 20 zuwa kimanin 20,000 a cikin sakan ɗaya.

A ƙwaƙwalwa, sashen da ke daura da kunne shi ne yake karɓar saƙon. A 1874 wani likita Bajamushe, Carl Wernicke, ya bayyana marasa lafiyar da suka sami rauni a bayan wannan sashe ta hagu: suna jin sauti, magana tana zuba daga bakinsu, amma ba sa fahimtar abin da ake faɗa musu. Kafin shi, a 1861, Paul Broca a Faransa ya bayyana akasin haka, wato wanda yake fahimta amma furuci ya gagare shi. A 2007 Gregory Hickok da David Poeppel suka kawo ra'ayin cewa hanya biyu ce: ɗaya tana haɗa sauti da ma'ana, ɗaya tana haɗa sauti da motsin gaɓoɓin furuci, ita ce take sa mutum ya iya maimaita kalmar da bai san ma'anarta ba.

Ayarin kalmomi

Mai sauraro ba ya jiran kalma ta ƙare kafin ya fara neman ta. William Marslen-Wilson ya nuna haka a 1973, da ya sa mutane su riƙa maimaita maganar da suke ji a kunne nan take. Wasu daga cikinsu tazarar rubu'in sakan kawai suke bari, wato kimanin tsawon gaɓa ɗaya. A 1978 shi da Alan Welsh suka fitar da ra'ayin da za a iya kira ra'ayin ayari. Da zarar an ji farkon kalma, duk kalmomin da suka fara da wannan sauti sai su taso tare kamar ayarin fatake. Kowane sabon sauti da ya shigo sai ya sauke waɗanda ba su dace ba, har a kai gacin da kalma ɗaya ce ta rage.

A ɗauki sunan Ajingi. Idan ɗan kamasho a tasha ya buɗe baki ya ce “aji…”, ayarin da zai taso a kan fasinja ya haɗa da aji, ajiye, ajiya, ajizi da Ajingi. Da n ta shigo sai ajiye da ajiya da ajizi su sauka. Amma aji ba ta sauka ba, domin tana iya ɗaukar mahaɗi ta zama “ajinmu” ko “ajin farko”. Ko da g ta shigo, “ajin gaba” tana nan. Sai an kusa ƙarshe sannan sunan garin yake tsayawa shi kaɗai, in dai sauti kawai aka bi. A zahiri fasinja ba ya jira har nan, don ya san a tasha yake, ba a makaranta ba.

Hausa tana da kalmomi masu yawan gaske da suka fara da ma-, saboda da wannan ɗafi ake gina sunan mai aiki da na wurin aiki da na kayan aiki: manomi, majema, mabuɗi. Don haka ayarin “ma” babba ne, kuma yakan daɗe bai watse ba. Wanda ya ji “maka…” yana riƙe da maka, makaho, makami, makara, makaranta, makarantu da makaranci, sai ya kai gaɓa ta huɗu kafin baƙaƙe da wasula su raba ukun ƙarshe.

Ra'ayin ayari na farko ya dogara ƙwarai ga farkon kalma, kuma nan ne rauninsa. In haka ne, wanda hayaniya ta hana shi jin sautin farko ya yi asarar kalmar ke nan, alhali ba haka abin yake ba. Fulfulde, wadda ake ji a rugagen Fulani da kasuwannin wannan yanki, tana ƙara nuna raunin, domin a cikinta farkon kalma ne yake sauyawa tsakanin tilo da jam'i: Pullo da Fulɓe, gorko da worɓe, debbo da rewɓe. Saboda irin waɗannan dalilai aka kawo wasu ra'ayoyin. James McClelland da Jeffrey Elman sun gina wani tsari na kwamfuta mai suna TRACE a 1986, inda kalmomi suke gasa, kowace tana ƙara ƙarfi gwargwadon dacewarta da abin da aka ji, tana kuma danne abokan gasarta. Dennis Norris ya kawo nasa tsarin a 1994. A 1998 Paul Luce da David Pisoni suka nuna cewa kalmar da take da maƙwabta da yawa, wato kalmomin da sauti ɗaya ne ya raba su da ita, ta fi wuyar ganewa. A Hausa “kara” irin wannan ce, ga bara, dara, fara, gara, hara, tara, kora, kura, kaya, kala duk a kewaye da ita. An kuma daɗe da sanin cewa kalmar da ake yawan ji ta fi saurin ganuwa, musamman a cikin hayaniya.

Hujjar da ta fi fito da gasar a fili ta zo ne daga bin motsin ido. A 1998 Paul Allopenna da James Magnuson da Michael Tanenhaus suka ajiye hotuna huɗu a gaban mutane, aka ce su taɓa ɗaya, na'ura tana lura da inda ido yake kallo. Da a Hausa ne, hotunan za su zama kamar kwando, kwalba, wando da tsintsiya. Abin da suka gani shi ne, da an fara furta kalmar sai ido ya rabu tsakanin abin da ake nufi da wanda farkon sunansu ya zo ɗaya, can gaba kaɗan kuma ya ɗan leƙa wanda ƙarshensu ya zo ɗaya, amma bai kula na huɗun ba. Leƙen da ake yi wa mai kama da wando shi ne ya nuna cewa kalma tana iya shiga gasa ko da farkonta bai dace ba.

Karin sauti da tsawon wasali

Nan ne Hausa take da abin da Turanci ba shi da shi. Kowace gaɓa ta Hausa tana ɗauke da kari, ko na sama ko na ƙasa ko faɗau, kuma kowane wasali dogo ne ko gajere. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna ko ɗaya daga cikin biyun. Ajami yana nuna tsawon wasali amma shi ma ba ya nuna kari. Wannan ya sa ɗalibai da yawa suke zaton kalmomi irin su “gari” da “gari” abu ɗaya ne a furuci, sai dai jumla ta raba su. Kunne kuwa yana raba su tun kafin jumla ta taimaka. Gari na zama wasalinsa na farko gajere ne, gari na tuwo nasa dogo ne, karinsu ɗaya. Wuya na jiki karinsa sama-ƙasa ne, wuya ta wahala ƙasa-sama. Kuka na hawaye sama-sama, kuka ta miya sama-ƙasa. Sunan Gaya kansa, garin da tarihin baka yake cewa daga can maƙeran Abagayawa suka taso zuwa Dala, a rubuce yana da abokai biyu: “gaya” ta faɗa wa wani magana, mai gajeren wasali a farko, da “gaya” na tuwon da ba miya, mai dogo.

Abin ya shiga har cikin nahawu. “Ya zo” a rubuce guda ce, a baki huɗu ce. Akwai mai dogon wasali da karin sama, kamar a “Audu ya zo”. Akwai mai gajeren wasali da karin sama, kamar a “Audu ne ya zo”. Akwai mai gajeren wasali da karin ƙasa, kamar a “a ce wa Audu ya zo”. Sannan akwai mai karin faɗau, wadda take nufin zai zo nan gaba in an yi haƙuri. Wanda ya kasa raba ta farko da ta uku bai san ko labari aka ba shi ko umarni ba.

Kari yana kuma rage ayari da wuri. Makaranta ta karatu duk gaɓoɓinta huɗu karin sama ne, makaranta jam'in makaranci kuwa karinta yana sauka a gaɓa ta biyu. Malami yana farawa da karin sama, malamai da karin ƙasa, don haka bambancin tilo da jam'i yana nan tun gaɓar farko, kafin a kai ƙarshen da rubutu yake nunawa. Sai dai bai kamata a zuzuta ƙarfin kari ba. Gwajin da Anne Cutler da Hsuan-Chih Chen suka yi a 1997 a kan Kantonanci, harshe mai kari na kudancin Sin, ya nuna cewa masu sauraro sun fi jinkiri kuma sun fi kuskure idan kari kaɗai ne ya raba gaɓoɓi biyu.

Akwai wani abu da yake ƙara wa aikin nauyi. A jumlar Hausa ta bayani murya tana gangarowa a hankali, duk karin saman da ya biyo bayan na ƙasa ba ya kai tsayin wanda ya gabace shi. A doguwar jumla, karin sama na ƙarshe yana iya yin daidai da karin ƙasa na farko. Mona Lindau ta auna wannan gangara a Hausa a wani aiki da ta buga a 1986. Ke nan mai sauraro ba ya auna kari da wani tsayayyen ma'auni, yana gwada kowace gaɓa ne da maƙwabciyarta, yana kuma la'akari da ko mace ce take magana ko namiji ko yaro.

Mai kalangu da wannan yake aiki. Yana matse tsarkiya yana sassautawa don ganga ta bi hawa da saukar kari da tsawon gaɓoɓi, ba baƙi ba wasali. Duk da haka mutane suna gane taken da yake kaɗawa, amma fa waɗanda suka riga suka san taken. Baƙo yana jin kiɗa ne kawai.

Abin da mai sauraro yake kawowa daga kansa

A 1970 Richard Warren ya ɗauki wata jumlar Turanci, ya yanke sautin s ɗaya daga tsakiyar wata doguwar kalma mai nufin majalisun dokoki, ya sa tari a gurbinsa. Cikin mutum 20 da suka saurara, 19 sun ce babu sautin da ya ɓace, kuma ba su iya nuna daidai inda tarin ya faɗo ba. Ƙwaƙwalwa ta cike gurbin da abin da ta san ya kamata ya kasance a wurin. Wannan ne yake sa a iya ciniki a gefen injin niƙa ko a bakin titi babura suna wucewa. Shekara goma bayan haka William Ganong ya nuna cewa idan aka ƙera sautin da yake tsakanin baƙaƙe biyu, mutane suna jin sa a matsayin wanda zai ba da kalma ta gaske. A Hausa, sautin da ya tsaya tsakanin k da ƙ zai karkata zuwa ƙ a gaban “-arfe”, ya karkata zuwa k a gaban “-ifi”. Inda duka biyun kalmomi ne, kamar baki na fuska da baƙi na gida, waɗanda karinsu da tsawon wasalinsu ɗaya ne, sai jumla ta raba gardama.

Ido ma yana sa baki. Harry McGurk da John MacDonald sun gano a 1976 cewa idan aka haɗa muryar da take cewa “ba” da hoton leɓɓan da suke cewa “ga”, yawancin manya “da” suke ji. Tun 1954 W. H. Sumby da Pollack suka nuna cewa ganin fuskar mai magana yana ƙara fahimta sosai a cikin hayaniya. Shi ya sa magana ta waya ta fi wuya: ba a ganin baki, kuma layin waya na gargajiya yana wucewa ne da girgiza daga 300 zuwa 3,400 kawai, abin da yake dushe sautuka irin su s da f.

Game da ma'ana, David Swinney ya nuna a 1979 cewa idan kalma tana da ma'ana biyu, dukansu suna farkawa na ɗan lokaci ƙanƙani, ko da jumla ta riga ta nuna wadda ake nufi, sannan a danne ɗaya. Misalin Hausa shi ne “sa” na garke da “sa” ta sanyawa, waɗanda furucinsu ɗaya ne sak. A karar shanu ta Wudil ranar Juma'a ba wanda zai tsaya tambayar wanne ake nufi, amma bisa wannan sakamako ɗayar ma'anar ma tana ɗan motsawa kafin ta kwanta.

Saurin duk wannan yana fitowa a musayar magana. Binciken da Tanya Stivers da abokan aikinta suka buga a 2009 a kan harsuna goma ya sami cewa tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa kimanin kashi ɗaya cikin biyar na sakan ce, alhali shirya kalma ɗaya a furta yana cin fiye da rabin sakan. Dole ke nan mai amsa ya hango ƙarshen magana tun ba a kai ba. Gaisuwar Hausa ta fi kowane misali: kafin a rufe baki daga “ina gajiya” an riga an ce “ba gajiya”.

Yadda yaro yake koyo

Jariri yana zuwa duniya da kunnen da zai iya raba sautukan harsuna da yawa, sannan ya ƙuntata shi ga harshen gidansu. Janet Werker da Richard Tees sun nuna haka a Kanada a 1984. Jarirai 'yan wata shida zuwa takwas daga gidajen masu Turanci sun raba wasu baƙaƙe biyu na Hindi, da wasu tunkuɗau biyu, dangin ƙ ta Hausa, na wani harshen 'yan asalin yammacin Kanada. 'Yan wata goma zuwa sha biyu kuwa yawancinsu sun kasa. A 1996 Jenny Saffran da Richard Aslin da Elissa Newport suka kunna wa 'yan wata takwas jerin gaɓoɓin ƙirƙira na minti biyu, ba tsayawa, jariran suka tsinto “kalmomin” da ke ciki ta lura da gaɓoɓin da suke yawan bin juna.

Kowane harshe yana koya wa masu shi dabarar yanka magana. Masu Turanci suna ɗaukar gaɓa mai nauyi a matsayin farkon kalma, masu Faransanci suna bin gaɓa-gaɓa. Hausa tana da nata alamomin. Gaɓarta iri uku ce kawai: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, ko baƙi da wasali da baƙi. Babu kalmar da take farawa da wasali, domin ko “aiki” da “ido” akwai hamza a gabansu da ba a rubutawa. Yawancin kalmomin asali kuma da wasali suke ƙarewa. Yara masu zaurance suna wasa ne da wannan sani, suna cusa wata gaɓa bayan kowace gaɓa ko su juya gaɓoɓin, abokansu kuma suna warwarewa da saurin magana.

Karin harshe da baƙon harshe

Mutumin Gaya da ya sauka a Sakkwato zai ji “zamna” a wurin zauna, “sabka” a wurin sauka, “hwaɗi” a wurin faɗi, “shina zuwa” a wurin yana zuwa. Da farko zai ɗan yi jinkiri, amma ba ya daɗewa. Norris da James McQueen da Cutler sun nuna a 2003 cewa masu sauraro a Holan sun gyara iyakar da suke sawa tsakanin f da s bayan sun ji kalmomi kaɗan daga bakin mai furta su ta wata hanya daban. Haka ake sabawa da Hausar wanda harshensa na farko ba shi da ƙ ko ts, Fulfulde na cikinsu.

Baƙon harshe ya fi wuya, don kunne yana tace shi da rariyar harshen gida. A Hausa p da f ba sa raba ma'ana, fuskoki ne na ƙwayar sauti ɗaya, shi ya sa ɗan firamare a Ajingi yake iya jin kalmomin Turanci biyu da wannan kaɗai ya raba su kamar kalma ɗaya. Haka kuma Hausa ba ta yarda baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma ba, sai ta cusa wasali, kamar yadda aka samu burodi, direba, bulo da firamare. Gwajin Emmanuel Dupoux da abokansa a 1999 ya nuna cewa Japanawa, waɗanda harshensu yake da irin wannan doka, suna jin wasali a tsakanin baƙaƙe ko da babu shi a sautin. Malamin da yake ta sa yaro maimaita furuci yana gyaran harshe ne, alhali sau da yawa gyaran kunne ya kamata ya fara yi, ta sa yaron ya saurari kalmomin biyu a jere har ya ji bambancin. Baturen da yake koyon Hausa shi ma haka yake fama da kafa da ƙafa, da gari da gari.

Idan ganewa ta sami matsala

Raguwar ji ta tsufa takan fara ne da sautuka masu kaifi, wato inda s, sh, f da ts suke. Wasula suna nan da ƙarfinsu, don haka dattijo yana jin ana magana amma kalmomin sun dushe, ya ce yana ji ba ya ganewa. Ɗaga murya ba ya magance wannan sosai. Abin da ya fi amfani shi ne a fuskance shi, a kashe rediyo, a yi magana a tsanake.

A yara, ciwon kunne mai ruwa da ƙyanda da sanƙarau suna iya rage ji ko su kawar da shi, kuma arewacin Nijeriya ta ga babbar annobar sanƙarau a 1996. Yaron da jinsa ya ɗan ragu, aka zaunar da shi a bayan aji mai cunkoso, ana koyar da shi da harshen da bai gama sani ba, ya rasa duk abubuwan da aka ambata a sama lokaci guda: sauti bai isa ba, ba ya ganin bakin malami, ba shi da tarin kalmomin da zai cike gurbi da su. Irin wannan yaro ake yi wa kallon daƙiƙi ko mai taurin kai, alhali gwajin ji da sauya masa wurin zama ya kamata a fara da su. Kurame a ƙasar Kano suna da nasu harshen, maganar hannu, wanda Constanze Schmaling ta yi littafi a kansa a shekarar 2000, kuma akwai makarantarsu a Tudun Maliki cikin birnin Kano.

Bayan shanyewar ɓarin jiki, wani majinyacin yakan wayi gari yana jin Hausar da aka haife shi cikinta kamar baƙon yare, yana kuma zuba maganar da ba ta da kan gado. Wannan shi ne ciwon da Wernicke ya bayyana. Iyali sukan ɗauka taɓin hankali ne ko shafar aljanu. Rikicewar magana ko fahimta farat ɗaya alama ce ta toshewa ko fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, kuma tana bukatar a garzaya asibiti a cikin sa'o'in farko.

Kwamfuta da gane magana

Manhajojin mayar da magana rubutu suna fuskantar matsalolin nan duka, suna kuma warware su ta koyo daga dubban sa'o'i na muryoyin da aka naɗa tare da rubutunsu. Hausa tana cikin harsunan shirin Common Voice na Mozilla, inda masu sa kai suke karanta jumloli ana naɗa, tana kuma cikin harsunan manhajar Whisper da kamfanin OpenAI ya fitar a 2022. Sai dai abin da aka tara na Hausa kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da na Turanci. Ga shi rubutun da ake koya wa na'urar da shi ba ya nuna kari ko tsawon wasali, kuma rubutun Hausa da yawa a intanet babu ƙugiya a ɓ da ɗ da ƙ, har “baki” ta tsaya a madadin kalmomi uku. Karatun jumla a ɗaki shiru kuma ya sha bamban da maganar manomi a waya daga gona ko ta mai talla a kasuwa, don haka na'urar da ta saba da Hausar masu karanta labarai takan yi ta kuskure idan ta haɗu da Hausar ƙauye.